Talla Muke Yi, Har Yanzu Ba Mu Kafa Rumfa Ba

Duk wanda ya buɗe wayarsa da safe a Nima, ko Mamobi, ko Aboabo ta Kumasi, ya san abin da zai tarar. Kafin ya gama shan koko, sitatus ɗin WhatsApp ya cika da kaya. Wannan tana tallan abaya da mayafi, wancan ya ɗora hoton takalma, wata ta buɗe tukunyar waakye ta ɗauki bidiyon tururin, wani kuma yana tsaye a gaban raguna a Tulaku yana faɗin kuɗinsu. Alhamdulillahi, wannan ci gaba ne, kuma babu wanda ya zaunar da mutanenmu ya koya musu. Da wayar hannu da ɗan data, matar da ba ta da kuɗin kama shago ta samu hanyar ciyar da 'ya'yanta. Tun da MoMo ta shigo ƙasar nan a 2009 biyan kuɗi ya zo da sauƙi, ga shi kuma a watan Afrilun 2025 an soke harajin nan na E-Levy.

To amma akwai tambayar da ya kamata kowane ɗan kasuwar zango ya yi wa kansa: wa ke ganin tallan nan? Sitatus ba ya zuwa wurin kowa. Sai wanda ya ajiye lambarki a wayarsa, ke ma kika ajiye tasa, shi ne zai gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ke nan masu kallon kayan su ne ƙanwarki, da maƙwabciya, da ƙawar da kuka yi makarantar allo tare, da 'yan uwan mijinki. Da yawansu su ma abin da suke sayarwa ke nan. Waɗanda suka saya kuwa, rabi su ce "a rubuta, ƙarshen wata", kuma kunya ba za ta bari a bi bashin ba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, Musulmi kuma kashi 19.9 ne cikin ɗari. Wato a cikin kowane mutum biyar da ke yawo da kuɗi a aljihu a ƙasar nan, huɗu ba namu ba ne, galibinsu ba su da lambarmu, ba sa cikin guruf ɗinmu. Sidi ɗaya ne muke ta juyawa a tsakaninmu, yau a hannun mai abaya, gobe a hannun mai turare.

Hanyoyin kai kaya ga mai saye a intanet iri biyu ne, kuma duka biyun mun san su tun kafin a yi waya. Ta farko ita ce talla: ka ɗauki kaya a ka, ka bi layi-layi kana kira, ko Allah zai sa wani ya yi sha'awa. Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp duk talla ne. Mutumin da ya buɗe su bai fito sayayya ba, ya zo kallon biki ne, ko wa'azi, ko ƙwallo, sai kayanka suka gifta. Ta biyu ita ce rumfa: ka zauna wuri ɗaya da aka sani, wanda yake da buƙata ya taso takanas ya zo yana tambaya. Shafin bincike irin Google, da taswirarsa ta Google Maps, shi ne rumfa. Wanda ya rubuta cewa yana neman telan kaftani a Madina, ko mai gyaran firji kusa da shi, ya riga ya yanke shawarar kashe kuɗi. Abin da ya rage masa kawai shi ne wa zai ba.

Matsayin wannan jarida shi ne: mun ƙware a talla, mun bar rumfa ba kowa, kuma asarar da muke yi a nan ta fi abin da muke zato.

A duba abinci kawai. Waakye da duk Ghana ke alfahari da shi, sunansa daga bakinmu ya fito, shinkafa da wake ne. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Koose ƙosai ne. Hausa koko ma bai ɓoye asalinsa ba. Waɗannan sunaye su ne ma'aikacin banki a Osu, ko ɗalibar Legon, ko baƙon da ya sauka daga Amurka a watan Disamba ke rubutawa a waya idan yunwa ta taso. Google kuwa bai san tukunyar wa ta fi daɗi ba. Abin da yake dubawa uku ne: shin wurin ya dace da abin da aka rubuta, yaya nisansa da mai tambaya, kuma yaya aka san shi, wato mutum nawa suka ba shi taurari suka yi tsokaci a kansa. Hajiyar da ta shekara talatin tana dafa waakye a bakin kwalbati, wadda layinta ke kaiwa titi kafin ƙarfe bakwai, idan ba a sa ta a taswira ba, to a wurin mai binciken nan babu ita. Wanda ya koyi girkin shekaranjiya amma ya yi rajista, shi za a nuna.

Haka abin yake ga sauran sana'o'inmu. Kaftani yanzu kowa na sa shi, har a coci da wurin ɗaurin aure. Shanu da raguna ba Musulmi kaɗai ke saya ba. Akwai jana'iza, akwai Kirsimeti, akwai masu gidajen abinci. Mahauta, masu walda, makanikai, masu gyaran waya, masu sayar da albasa da goro buhu-buhu, duk sana'o'i ne da wanda ba ɗan zango ba yake nema, kuma sau da yawa neman gaggawa. Wanda motarsa ta tsaya a hanyar Nsawam ba zai zauna yana jan TikTok ko makaniki zai gifta ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne a gare mu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro a Salaga ba su zo suna sayar wa junansu ba. Baƙo ya sauka a gidan maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye daga wata ƙabila, mai wani yare, ya karɓi la'adarsa. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, aka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, da wannan tsarin aka sake kafa kasuwa. Ƙarfin zango tun asali shi ne kasancewarsa wurin da baƙo zai zo ya tambaya a nuna masa. Yau baƙon wayarsa yake tambaya, mu kuma ba mu gaya wa sabon dillalin inda muke ba.

Kada a ce muna kushe kafofin sada zumunta. A ba su haƙƙinsu. Akwai kayan da ido ne ke sayensu: sabon ɗinki, sabon turaren wuta, lalle, kayan ɗaki na amarya. Ba wanda zai nemi abin da bai san da shi ba, sai an nuna masa, gani ya kori ji. Kuma cinikinmu na amana ne. Mutum ya fi sakin jiki idan ya ga fuskar mai kaya, ya ji muryarsa, ya ga wani da ya sani ya yaba. Ga wanda bai yi boko ba, saƙon murya da bidiyo sun cire masa shingen rubutu. 'Yan uwanmu da ke Bronx ko Hamburg da ke son a yanka musu ragon layya a gida, ta WhatsApp suke ganin ragon, su taya, su biya. Matasa da yawa ma yanzu a cikin TikTok ɗin suke binciken wurin cin abinci. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai talla tana da sharaɗi: ranar da ba ka fita ba, ba ciniki. Hoton da ka ɗora yau, gobe dubu sun hau kansa. Manhajar ce ke zaɓen wanda za ta nuna wa, kuma ko mabiyanka ba duka ke gani ba, don kamfanin yana so ka biya kafin ya faɗaɗa maka. Rajistar shago a taswira kuwa sau ɗaya ake yin ta, sai ɗan gyara lokaci-lokaci, tana nan tana aiki kana barci, kana masallaci, kana Makka.

Sannan a tuna wa ke da filin. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani ɗaya ne, Meta. Wanda yake ganin ya raba ƙafa don yana kan ukun, a gida ɗaya yake haya. Ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021 dukkansu suka ɗauke lokaci guda, kusan awa shida, daga la'asar har bayan isha'i. A Najeriya gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda kasuwarsu ke can suka shiga uku. Ba sai an je nesa ba ma. Kusan kowace unguwa akwai wadda aka kira ta a waya da sunan wani taron addu'a ko tallafi, aka ce ta karanto lamba shida da aka turo mata, kafin ta ankara an ƙwace WhatsApp ɗinta ana roƙon kuɗi da sunanta. Shekarun da ta yi tana tara abokan ciniki sun tafi cikin minti biyar. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ko a kasuwar ƙasa mun ga irin wannan. A watan Yulin 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan Amasaman, da yawansu kuwa masu jin Hausa ne. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na Kantamanto. A irin wannan rana, mai sayen da ya san ka da wuri kawai, bai san sunanka ba, ba shi da lambarka, ya tafi ke nan. Wanda sunan shagonsa ke rubuce inda za a iya nemowa, sai ya canza alamar wuri a taswira, ya rubuta "mun koma nan", jama'a su biyo shi.

Sai maganar tallan kuɗi, wanda samari masu kiran kansu ƙwararru ke yawan zuga 'yan kasuwa su shiga. A nan ma hanyoyin biyu sun bambanta. A Facebook da Instagram, galibi kana biya ne don a nuna hotonka ga mutanen da ka zaɓa ta shekaru, da gari, da abin da suke sha'awa, ko sun saya ko ba su saya ba. A Google kuwa gwanjo ake yi a kan kalmomi: masu talla su taya kalmar da mutane ke rubutawa, kuma sai an danna tallanka za a cire kuɗi. Kowanne na iya amfani, kowanne na iya cinye jari. Shawararmu ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce kada ya sa ko sidi ɗaya a tallan kuɗi sai ya gama yin na kyauta. Idan kuma ya sa, ya auna da ma'auni ɗaya: mutum nawa suka kira, nawa suka biya. Laik ba ya sayen gari. Tambaya mai sauƙi ga duk sabon mai saye, "A ina ka gan mu?", ta fi duk wani lissafi da za a nuna maka a allon waya.

To me ya hana mu kafa rumfar? Abu uku muka gani. Na farko, mu mutanen baki ne, shafin bincike kuma rubutu yake ci. Ba ya shiga WhatsApp, ba ya jin saƙon murya. Bidiyo ɗari ba tare da layi ɗaya da ke faɗin sunan kaya da unguwa ba, a wurinsa kamar ba a yi ba. Na biyu, yare. Hausa tana cikin Google Translate tun 2013, amma mai sayen da muke nema da Turanci yake rubutu, kuma da irin rubutun da ya saba. Babu abin kunya a rubuta "waakye" yadda yake rubutawa, a ƙara na Hausa a ƙasa. Kakanninmu sun koyi Twi da Ga don ciniki, ba su bar Hausa ba. Na uku, adireshi. Lungunanmu da yawa ba su da suna, kwatancenmu shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi". Amma tun Oktoban 2017 akwai GhanaPost GPS da ya ba kowane taku na ƙasar nan lamba, kuma a taswira ana iya dasa alama daidai ƙofar shago.

Rajistar kanta, wadda ake kira Google Business Profile, kyauta ce. Ana sa sunan shago kamar yadda yake a allo, da irin sana'a, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna na gaskiya. A rubuta cewa ana rufewa lokacin sallar Juma'a, kada mutum ya taso daga Tema ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Sau da yawa za a nemi ɗan bidiyon shagon da allonsa don tabbatar da cewa akwai shi. Duk wanda ya taimaka maka, a biya shi ladan wahalarsa, amma da adireshin imel ɗinka za a buɗe, lambar sirri kuma a hannunka. Mun ji labarin waɗanda suka ɓata da yaron da ya buɗe musu shafi, ya tafi da makullin.

Za a ce ai Google ma na wasu ne, shi ma haya ce. Haka ne, ba mu musa ba. Yana iya dakatar da shafi, yana iya canza dokokinsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Akwai ma haɗarin da ya fi wannan: Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta sha gargaɗi cewa 'yan damfara na sa lambobinsu a taswira da sunan shagunan mutane, a kira su, a tura MoMo, kaya ba su zo ba. Amma wannan dalili ne na ka riga su, ka karɓi sunan shagonka da kanka, kafin wani ya ci kuɗin jama'a da shi. Wanda aka damfara ya kira 292 ya kai rahoto. Kuma ranar 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, talla da rumfa duka suka tsaya. Abin da ya rage a hannun ɗan kasuwa ranar shi ne littafin da ya rubuta sunaye da lambobin abokan cinikinsa. Wannan littafin shi ne kaɗai naka na kanka. A saye shi, a riƙa cika shi.

Akwai ɓangaren da ya shafi iyayenmu mata da 'ya'yanmu. Manhajojin bidiyo suna tura abin da ke riƙe ido, shi ya sa yarinya mai sayar da atamfa take jin dole sai ta yi rawa, ko ta shiga cacar baki, kafin a ga kayanta. Da yawa ba da son ransu ba ne, kasuwar ce ta ja su. Shafin bincike ba ya neman fuskar kowa. Sunan sana'a da hoton kaya sun isa. Matar da ke dafa abinci ko ɗinki a cikin gida tana iya ɓoye adireshinta, ta nuna unguwannin da take kai kaya kawai, kuma don tsaro mun fi ba da shawarar haka. Idan oda tana zuwa ta waya, mai babur ya kai, to ƙaramar yarinyar da ake ɗora wa tire da safe tana iya zama a aji. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Sai gaskiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa algus haramun ne, haka ma najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba, don dai a ruɗi wani ya ƙara kuɗi. Sayen mabiya na bogi, da sa 'yan uwa su rubuta yabon abin da ba su taɓa saya ba, da goge hoton yadi har launinsa ya canza, duk 'yan gida ɗaya ne da waɗannan. Ga kuma hasarar duniya: a taswira, tsokacin wanda aka cuta yana nan shekara da shekaru, kowa na karantawa. Mu da ake yi wa kuɗin goro, ɗan zango ɗaya ya yi cuta a ce duk haka muke, mun fi kowa buƙatar shaidar kirki a rubuce. Wanda ya ji daɗin aikinka, ka roƙe shi ya rubuta. Wanda ya yi ƙorafi, ka amsa masa da ladabi a bainar jama'a.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin matasan zango, musamman waɗanda suka yi karatun kwamfuta suna zaune ba aiki: ku ɗauki layi ɗaya a unguwarku, ku bi shago-shago ranar Asabar, ku yi musu rajista, ku koya musu saka mataki biyu na tsaro a WhatsApp. Sarakunan zango da limamai su ba da fili da sanarwa bayan sallah, don tsofaffi ba za su miƙa wayarsu ga yaron da ba su sani ba sai sun ji daga bakin manya. Ƙungiyoyin mahauta da teloli da masu shanu su sa abin cikin taronsu. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, idan zai shirya horo, ya wuce rabon takardar shaida da ɗaukar hoto. A ƙirga shago nawa aka sa a taswira, a dawo bayan wata shida a tambayi masu su ko waya ta ƙara ƙara.

Kai kuma ɗan kasuwa, ke kuma 'yar kasuwa, ga gwaji kafin ku kwanta yau. Ku ari wayar wanda ba shi da lambarku, ku rubuta sana'arku da sunan unguwarku kamar yadda baƙo zai rubuta. Idan kun ga kanku, madalla, a gyara hotuna a duba lambar waya. Idan ba ku gani ba, ku duba sunan wanda ya fito, don shi ne yake karɓar cinikin da ya kamata ya zo ƙofarku. Gobe da safe a ɗora sitatus kamar kullum, amma kafin azahar a nemi yaron da zai dasa alamar shagon. Allah Ya sa wa kasuwa albarka.